Canza babbar manhajar waya: me take karewa, me ba ta karewa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Kubwa, ina aiki a cikin gari. Wayata Infinix ce, shekararta uku a hannuna. Kwanakin baya wani abokin aikina ya ci bashi a wata manhajar ba da rance, da ya yi jinkirin biya sai ga saƙo a wayata da wayoyin duk mutanen da yake da lambarsu, ana kiransa ɓarawo. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Na ji ana cewa akwai manyan manhajoji irin su GrapheneOS da LineageOS da ake sa wa waya a madadin Android, waɗanda ba sa leƙen asirin mutum. Wani mai gyara a Wuse ya ce zai yi mata filashin ya sa min irinsu. Shin da gaske sun fi tsaro? Manhajar banki da WhatsApp za su ci gaba da aiki? Kullum motar haya nake shiga, ga kuma maganar 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi."

Wa alaikumus salam. Abin da kake tambaya uku ne a dunƙule: ko waɗannan manhajoji sun fi wadda ta zo da wayarka kare mutum, ko za su zauna a kan Infinix ɗinka, da kuma abin da za ka rasa idan ka koma kansu. Kafin komai, kada ka ba mai gyaran nan wayarka. Dalilin zai fito a ƙasa.

Fara da abin da ya tayar maka da hankali. Lambarka ba daga wayarka ta fita ba, daga wayar abokinka ta fita, ranar da ya danna amincewa manhajar rancen ta karanta jerin lambobinsa. Ko da wayar da ta fi kowace tsaro a duniya ce a aljihunka, wannan saƙo sai ya iso ka. Haka ma manhajojin da ke nuna sunan mai kira irin su Truecaller: sunan da ke fitowa a kan lambarka yawanci daga wayoyin wasu aka samo shi. Wannan ɓangare na doka ne da ƙorafi. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ce ke karɓar koke a kan masu rancen intanet, akwai kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 da hukumarta NDPC nan Abuja, kuma tun 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke shagonsa neman izinin lambobi da hotuna. Shi ya sa da yawansu suka koma turo wa mutane manhajar ta linki a WhatsApp, wadda ba ta bi ta shago ba.

Sirri daban, tsaro daban

Mutane suna haɗa su, kuma nan ne ake yin zaɓin da bai dace ba. Sirri shi ne wa yake tattara labarinka alhali kana amfani da wayarka lafiya lau: Google, kamfanin da ya ƙera wayar, masu talla, manhajojin da ka sauke. Tsaro kuwa shi ne wa zai iya fasa wayar ya shiga ba da yardarka ba: ɓarawon da ya ƙwace ta, mai turo muguwar manhaja, mai na'urar kwashe bayanai. Ana iya samun waya da ba ta aika wa Google komai amma ƙofarta a buɗe take ga duk wanda ya riƙe ta minti goma. Ana kuma samun wadda fasa ta sai an sha wuya, amma kullum tana kai rahotonka gida. Yawancin manhajojin da ake tallatawa da sunan kawar da Google sun ƙara sirri ne suka rage tsaro, kuma ba kasafai masu yabonsu ke faɗin rabin na biyu ba.

Tushen Android a buɗe yake, kowa na iya ɗauka ya gina nasa. Abin da ba a buɗe yake ba shi ne ayyukan Google da ake ɗorawa a sama: Play Store, taswira, hanyar isar da sanarwa, da sauransu. A wayar da ka saya a shago waɗannan ayyuka suna zaune da iko na musamman, suna ganin abin da manhaja ta gama-gari ba ta isa ta gani ba, kuma ba a iya cire su. GrapheneOS da CalyxOS da LineageOS da /e/OS duk daga wannan tushe na Android aka gina su. Bambancinsu shi ne abin da kowacce ta yi da ayyukan Google, da kuma yadda ta bar ƙofar gidan.

Mai gadin ƙofa

Ƙofar nan ita ake kira butloda. Ita ce 'yar manhajar da ke fara tashi idan ka danna maɓallin kunnawa, aikinta kamar na mai gadi ne: ta duba hatimin da ke kan babbar manhaja, idan hatimin na gaskiya ne kuma ba a taɓa komai ba ta bari waya ta tashi, idan an sauya wani abu ta ƙi. Wannan dubawa ce ke hana wani ya dasa maka abin leƙen asiri a cikin tsarin waya ya zauna daram. Don a sa wata babbar manhaja dole a buɗe butloda, wato a ce wa mai gadi ya daina duba hatimi. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: bayan an gama, za a iya mayar da shi bakin aiki, ya riƙa duba hatimin sabuwar manhajar?

A yawancin wayoyi ba za a iya ba. Wayoyin Pixel na Google suna cikin ƙalilan da aka ƙera su karɓi hatimin wani, a sake kulle ƙofa, dubawa ta ci gaba. A kan Samsung kuwa buɗe butloda a ɗora wata manhaja yana ƙona wani ɗan fiyus na tsarin tsaronsu mai suna Knox a cikin waya, ba ya komawa har abada, kuma abubuwa irin su Secure Folder sun tafi kenan ko da ka mayar da manhajar asali.

Sai abu na biyu, facin tsaro. Ana gano ramuka a Android a kai a kai, ana fitar da faci. Rabin facin na Android ne kansa, wannan kowane mai gina manhaja zai iya ɗauka. Ɗaya rabin kuwa na sassan wayar ne: abin da ke kama sabis, Wi-Fi, Bluetooth, kyamara, na'urar sarrafa hoto. Waɗannan kamfanin da ya ƙera cif ɗin, wato ƙwaƙwalwar wayar, da wanda ya haɗa wayar ne kaɗai ke iya gyara su. Ranar da suka daina, an daina. Saboda haka idan aka ɗora wa tsohuwar waya sabon Android, fuskarta ta zama sabuwa, amma ramukan da ke ƙasa suna nan yadda suke. Shiga Settings, About phone, ka nemi inda aka rubuta Android security update. Ranar da ka gani a wurin ita ce gaskiyar shekarun tsaron wayarka. Idan ta wuce shekara, wayar tana yawo da ramukan da an riga an bayyana wa duniya.

Yanzu ga dalilin da na ce kada ka ba mai gyara. Infinix da Tecno da itel duk na kamfanin Transsion ne, galibinsu da cif na MediaTek ko Unisoc, kuma manyan ayyukan nan kusan ba sa tallafa musu a hukumance. GrapheneOS ba ta hawa kansu sam. Abin da za a sa maka shi ne wani gini da wani mutum da ba ka sani ba ya haɗa ya ɗora a Telegram ko wani dandali, babu mai duba abin da ya cusa ciki, babu alkawarin faci na wata mai zuwa, butloda kuma a buɗe. Babbar manhaja tana ganin komai: abin da ka rubuta, lambar sirrin banki, saƙon OTP. Ka cire Google, kamfanin da aƙalla an san adireshinsa, ka miƙa makullan ga wanda ko sunansa na gaskiya ba ka sani ba. An gudu ba a tsira ba. Ga kuma matsalolin da aka saba gani bayan irin wannan filashin: kyamara ta rage kyau, hoton yatsa ya daina aiki, batir ya riƙa zuba, wani lokaci ma lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta goge, wayar ta daina kama layi.

GrapheneOS

Wannan ita ce kaɗai a cikinsu da zan ce ta fi Android na kamfani tsaro, ba sirri kawai ba. Aikin ya faro a 2014 a hannun Daniel Micay, ya ɗauki wannan suna a 2019, kuma an gina shi ne a kan Pixel saboda dalilan da na ambata: ana sake kulle butloda, ana samun facin sassan waya a kan lokaci, ga kuma cif na tsaro mai suna Titan da ke cikinta.

Aikin Titan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ke amsa maganar ƙwacen waya. Lambar sirri mai lamba shida tana da yiwuwa miliyan ɗaya, kwamfuta za ta gama gwada su cikin ɗan lokaci idan aka bar ta. Titan ne ke riƙe da wani ɓangare na makullin bayananka, kuma ba ya saki sai an kawo lambar daidai. Idan aka yi ta kuskure yana ƙara jinkiri tsakanin gwaji da gwaji, daga daƙiƙa 30 har ya kai kwana guda a kan kowane gwaji. Ko an cire ma'ajiyar wayar an kai wata na'ura ba za a tsallake shi ba. Sharaɗin shi ne lambar ta zama ba shekarar haihuwa ba, ba 123456 ba, ba ƙarshen lambar layinka ba.

Waya tana da hali biyu. Idan an kunna ta ba a sa lambar sirri ba ko sau ɗaya, bayananta a dunƙule suke cikin kulle, makullin ba ya cikin ƙwaƙwalwarta. Da zarar ka buɗe sau ɗaya, makullin yana nan a ciki ko ka sake rufe sikirin, kuma a wannan hali ne na'urorin kwashe bayanai suka fi samun sa'a. GrapheneOS tana sake kunna kanta idan ta yi awa 18 ba a buɗe ta ba, don ta koma hali na farko, kuma kana iya rage lokacin har zuwa minti 10. Tana kuma toshe hanyar bayanai ta ramin caji idan sikirin a rufe yake, sai caji kawai ke wucewa. Tana iya hargitsa jerin lambobin da ke kan allon buɗewa, ta yadda wanda ke zaune kusa da kai a mota daga Berger zuwa Kubwa ba zai haddace motsin yatsanka ba.

Ta fuskar sirri, abin da ya fi shafar labarinka shi ne Contact Scopes. Manhaja ta nace sai ka ba ta izinin lambobi, in ba haka ba ta ƙi aiki. A nan sai ka kunna mata wannan, ita ta ɗauka ka ba ta, amma abin da take gani littafi ne fanko, ko lambobi biyu ko uku da ka zaɓa da hannunka. Storage Scopes haka yake yi da hotuna da fayiloli. Da abokin aikinka yana da wannan, da sunanka bai fita ba. Akwai kuma izinin intanet ga kowace manhaja ɗaya-ɗaya, abin da Android na Google ba ya bayarwa: kalkuleta ko manhajar tocila ko allon rubutu sai ka cire musu intanet gaba ɗaya, duk abin da suka tara ba su da hanyar fitar da shi. Haka na'urorin jin motsi da juyawar waya, su ma da izininsu.

Sannan ba ta tilasta maka rabuwa da Google. Tana zuwa babu shi, amma kana iya sauke Play Store da ayyukansa daga cikin shagonta, sai su zauna a killace kamar kowace manhaja, babu iko na musamman, ba sa ganin IMEI, ba sa ganin lambobi ko inda kake sai ka ba su. Da wannan ne Bolt da taswira da sanarwar WhatsApp ke aiki yadda aka saba. Akwai gyare-gyare masu zurfi da ido ba ya gani, musamman yadda take tsare ƙwaƙwalwar aiki, inda mafi yawan manyan hare-hare ke bi, kuma daga Pixel 8 zuwa sama cif ɗin kansa yana taimakawa wajen kama irin wannan kutse.

Sauran

LineageOS ta gaji wata tsohuwar manhaja mai suna CyanogenMod a ƙarshen 2016, kuma ita ta fi kowacce yawan wayoyin da take hawa. Aiki ne mai daraja, amma manufarsa tsawaita ran waya da ba mai ita 'yanci, ba ƙarfafa tsaro ba. A kusan duk wayoyin butloda a buɗe yake zama. Ta dace da tsohuwar wayar da za a bar wa yara kallo ko a riƙa sauraron karatu da ita a gida. Ba zan sa manhajar banki a kanta in fita da ita kasuwar Wuse ba.

/e/OS ta Gaël Duval ce, Bafaranshe, an gina ta a kan LineageOS, kuma kamfanin Murena yana sayar da wayoyi da ita a ciki. CalyxOS ta wata cibiya ce mai suna Calyx Institute a Amurka, tana sake kulle butloda a wayoyin da take hawa, tana da katangar hana manhajoji intanet. Dukansu biyu suna amfani da microG, wani buɗaɗɗen aiki da ke kwaikwayon ayyukan Google. Yana rage abin da ake aikawa sosai, amma don sanarwa ta iso ka sai ya tuntuɓi Google ɗin dai, kuma wasu manhajoji suna tuntuɓe a kansa. Facin /e/OS kan iso a makare idan aka kwatanta da GrapheneOS. CalyxOS kuma ta dakatar da sabuntawa na tsawon watanni daga Agustan 2025 bayan wasu jagororinta sun bar aikin, DivestOS ma ta rufe baki ɗaya a Disambar 2024. Wannan haɗari ne na gaske a wannan fage: ƙananan ƙungiyoyi ne, idan mutum biyu suka gaji sai dubban wayoyi su wayi gari babu faci.

Akwai kuma waɗanda ba Android ba ne sam, irin su Ubuntu Touch da postmarketOS da Sailfish ta kamfanin Jolla a Finlan. Wayar Librem 5 har da makunnai na hannu a gefenta da ke yanke wutar kyamara da makirfo da sabis. Abin sha'awa ne ga mai son bincike, amma babu manhajar bankinka a can, WhatsApp ma sai da dabara, don haka ba su amsa buƙatarka ba. Kada kuma a rikita su da wayoyin Huawei da ba su da Google tun takunkumin Amurka na 2019. Rashin Google a can ba alkawarin sirri ba ne, wani kamfani ne ya maye gurbin wani.

Banki da WhatsApp

WhatsApp yana aiki a kan duk waɗanda aka gina daga Android. Sai dai babbar manhaja ba ta canza abin da Meta, kamfanin da ya mallaki WhatsApp, ke gani: saƙonninka a kulle suke daga wayarka zuwa ta wanda ka aika wa, amma wa ka yi magana da shi, yaushe, sau nawa, wannan yana hannunsu.

Banki ne mai wuyar sha'ani. Manhajoji da yawa suna tambayar Google ta wata hanya mai suna Play Integrity ko wayar nan tana ɗauke da manhajar da kamfani ya amince da ita. Waya mai buɗaɗɗen butloda ta fi saurin faɗuwa wannan jarrabawa. GrapheneOS tana cin matakin farko, amma ba ta cin na sama, domin ba ta cikin jerin da Google ya sa wa hannu, duk da ta fi yawancin waɗanda ke jerin tsaro. Sakamakon ya danganta da matakin da kowane banki ya zaɓa, kuma banki na iya canza shi a sabuntawa guda. Don haka babu wanda zai ba ka tabbacin da zai ɗore. Hanya mai aminci ita ce ka riƙe tsohuwar wayarka mako biyu ko uku, ka gwada kowace manhajar kuɗi da kake amfani da ita a sabuwar, har da tura kuɗi da duba fuska, kafin ka sallama tsohuwar. Idan wata ta rufe da kanta da zarar an buɗe, akwai makunnin sassauci a shafin bayanin manhajar, Exploit protection compatibility mode, wanda kan warware wasu. USSD kuwa, irin *737# da *894# da *901#, ta layi yake bi, ba ruwansa da babbar manhaja.

Abin da babu wadda za ta ɓoye

Layinka yana haɗe da NIN ɗinka tun umarnin da NCC ta bayar a Disambar 2020. Duk lokacin da sim ke cikin waya a kunne, kamfanin sadarwa ya san lambar sim ɗin, ya san IMEI na wayar, ya san ƙarfen sabis ɗin da take magana da shi. Kiran layi da tes na yau da kullum ba a kulle suke daga kamfanin ba. Babu babbar manhajar da ke canza wannan, kuma duk wanda ya ce maka wayarsa ba a iya bin sawunta alhali da layi a ciki, bai faɗa maka daidai ba. Haka kuma ba ta hana ka karanta wa ɗan damfara OTP da bakinka.

Maganar 'yan wan-cans ma sai an yi ta da gaskiya. Su ba fasa waya suke yi ba, mai ita suke sa wa ya buɗe. GrapheneOS tana da lambar tilas: lamba ta biyu da idan ka sa ta a madadin ta gaskiya, wayar za ta goge komai nan take, har da eSIM, wato sim ɗin da ba na kati ba, ba kuma a dawo da shi. Tana da amfani ga ɗan jarida ko lauya mai riƙe da sirrin wasu. Amma a cikin mota, tsakiyar mutane masu makami, wayar da ta mutu a hannunsu na iya jawo maka abin da ya fi asarar kuɗi. Ranka ya fi abin da ke ciki. Abin da ya fi hikima shi ne a samu ɗan abin da za a gani, babban kuma ba ya tare da kai. Android yana ba da damar raba waya gida-gida, kowane sashe da makullinsa, GrapheneOS kuma ta faɗaɗa abin har sashe 32 tare da maɓallin rufe sashe ya koma cikin kulle. Sai dai mai nacin bincike zai iya ganin akwai wani sashen. Mafi aminci: asusun da ke wayar fita ya zama na kuɗin mota da cefane, babban asusun yana kan wata wayar a gida, da layin da ba ya fita.

Idan ka yanke shawarar sayen Pixel

Duba shekarun faci kafin farashi. Pixel 6 da 7 shekara biyar aka yi musu alkawari daga fitowarsu: Pixel 7 zuwa Oktoban 2027, 7a zuwa Mayun 2028. Daga Pixel 8 aka koma shekara bakwai, ita 8 zuwa Oktoban 2030, 8a zuwa Mayun 2031. Idan aljihu ya kai, 8a ko abin da ya fi ta. GrapheneOS ba ta iya tsawaita wannan wa'adi da gaske, saboda dalilin sassan waya da na faɗa.

Babban tarkon wayoyin hannu da ake shigowa da su, irin waɗanda za ka tarar a kasuwar waya ta Banex da ke Wuse da kewaye, shi ne waɗanda kamfanin Verizon na Amurka ya sayar. Butlodansu ba ya buɗuwa har abada, ko da layin kowa na aiki a ciki. Gwajin minti biyu ne, ka yi shi a gaban mai shago kafin ka biya. Haɗa wayar da intanet, shiga Settings, About phone, danna Build number sau bakwai, koma System, Developer options, nemi OEM unlocking, makunnin da ke ba da izinin buɗe butloda. Idan makunnin ya motsu, madalla. Idan ya yi fari-fari ya ƙi taɓuwa bayan wayar ta ɗan jima a kan intanet, ajiye ta ka nemi wata. Duba kuma bayanta ko ya ɗago, alamar batir ya kumbura, matsalar da aka sani a wasu 6a da 7a. Gwada hoton yatsa, domin sikirin da aka canza ba a daidaita ba yakan kashe shi. Sa layinka ka yi kira, ka ga data ta hau. Ka kuma sani Pixel yawanci ramin sim ɗaya gare ta, na biyun eSIM ne, wanda MTN da Airtel ke bayarwa a ofisoshinsu, ba ta kuma da wurin memori. Tana ɗaukar zafi a watannin Maris da Afrilu idan ana caji ana amfani da ita, kuma sikirinta ya fi na Tecno tsada da wuyar samu.

Sawar ba ta buƙatar mai gyara, kuma gara ka yi da hannunka. Kana buƙatar kwamfuta mai burauzar Chrome ko Edge ko Brave, da sarari kamar gig 32, da igiyar USB mai kyau wadda ke ɗaukar bayanai, ba ta caji kawai ba. Laftof mai cikakken caji ya fi, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki. Kwashe hotuna da lambobi tukuna, domin komai zai goge. Kunna OEM unlocking, kashe wayar, riƙe maɓallin rage murya tare da na kunnawa har allon butloda ya fito, haɗa da kwamfuta, buɗe shafin sawa na grapheneos.org, ka rubuta adireshin da kanka, kada ka bi linkin da aka turo. Maɓallai huɗu ne a jere: buɗe butloda, sauke manhajar, ɗora ta, sake kulle butloda. Na huɗun nan shi ake mantawa, kuma shi ne dalilin aikin duka. Idan abu ya tsaya a hanya, kusan kullum igiya ce ko ramin USB, ko kuma direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane wayar, da Windows bai sauke ba. Canza igiya, guji abin rarraba USB, sake farawa. Bayan an gama, kowace kunnawa za ta nuna allo mai alamar rawaya yana cewa wayar na ɗauke da wata babbar manhaja daban, tare da jerin haruffa da lambobi. Ba matsala ba ce. Kwatanta jerin da wanda ke shafinsu na samfurin wayarka, sannan ka kashe OEM unlocking a saitin farko.

Idan kuma sayen wata waya bai taso ba yanzu, bar Infinix ɗin da manhajarta ta asali, butloda a kulle, ka gyara abin da ke hannunka a yammaci ɗaya. Shiga Permission manager ka bi izinin lambobi, tes, wurin zama, makirfo da hotuna ɗaya bayan ɗaya, ka cire wa duk wadda ba ta da hujja. Duba Accessibility da Device admin apps, domin nan ne muggan manhajoji ke maƙalewa, duk sunan da ba ka gane ba ka kashe shi. Hana sauke manhaja daga WhatsApp da burauza da Xender, ka goge GBWhatsApp da ire-irensa idan akwai. Goge lambar talla a saitin Google, kashe manhajojin da suka zo da wayar waɗanda ba ka buɗewa. Kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp da kulle ajiyarsa ta Google Drive. Ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa a kan rufaffen sikirin, don kada OTP ya fito ga wanda ya tsinci wayar.

Sai sim ɗin kansa, wanda ɓarawo kan zare ya sa a ƙaramar waya ya bi ta USSD ba tare da ya damu da makullin wayarka ba. Sa masa lambar sirri a ƙarƙashin SIM lock. Nemo lambar PUK tukuna daga jikin katin da sim ya zo a ciki ko daga kamfanin layin, domin kuskure uku yana rufe sim, kuskure goma a PUK kuma yana kashe shi sai ka je ofis. Ka rage iyakar abin da za a iya turawa a rana ta USSD da ta manhaja, ka rubuta lambar toshe asusu ta bankinka a takarda ka ajiye a gida, ka kuma ba mutum ɗaya da ka yarda da shi kwafi, wanda zai iya kira a madadinka daga wata wayar.